Abin da na koya a ƙarƙashin Toyota

A garejin da na koyi aiki akwai wani tsohon gwangwanin fenti a gindin darbejiya, cike da tamostat, abin nan da ke daidaita zafin inji. Duk motar da ta shigo tana zafi, kafin a duba komai maigidanmu zai sa a kwance bututun ruwa, a zaro wannan ɗan ƙarfen mai sifirin, a wurga shi cikin gwangwanin. "Wannan na ƙasar sanyi ne," in ji shi, "mu nan Allah ya riga ya ɗumama mana inji." Daga nan sai a haɗa fanka kai tsaye da makulli, ana murza shi ta fara juyawa. Mai mota ya biya, ya tafi yana sa albarka. Shekarata 17 a lokacin, na kuwa riƙe maganar nan kamar karatun allo. Na yi kusan shekara 10 ina maimaita ta ga masu motoci, har da irin muryarsa.

Yawancin abin da ke shigo mana Toyota ne. Carina II, Corolla, Hiace ta 'yan tasha, jefi-jefi Hilux. Zamanin Fijo 504, wadda ake haɗawa a Kaduna tun 1975, ya fara ja da baya, 'yan Kwatano sun cika gari. Abin da ya ruɗe mu shi ne motocin ba sa tona mana asiri. Ka cire tamostat, mota ta tafi. Ka zuba ruwan rijiya a lagireto, ta tafi. Ka ɗura mata baƙin mai mai kauri kamar zuma, ta tafi. Wutar gargaɗi ta kunnu a dashbod, ka yanko baƙin salatif ka manna a kai, ta tafi. Idan ta dawo bayan shekara biyu da ringi ya cinye, ba wanda zai tuna da gwangwanin fenti. Sai a ce ai ta yi ƙoƙari, Toyota ce.

Akwai abin da ya faru a shekarata ta biyu wanda ban faɗa wa kowa ba sai da na yi furfura a gemu. Wani direban Hiace ya kawo motarsa juyen mai da sassafe, yana ta gaggawa don layinsa ya kusa a tasha. Ni aka ba aikin. Na sauke mai, na kwance tsohuwar filta, na ɗaura sabuwa, na zuba mai, aka tayar. Ina tattara kaya sai na ɗauki tsohuwar filtar zan jefar, na ga bakinta fayau, babu robar nan zagayayya da ke zama a kai. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san ma'anar haka. Robar ta maƙale a jikin inji, ni kuma na ɗaura sabuwar filta da tata robar a kanta. Roba biyu ba sa riƙe mai idan inji ya ɗau zafi.

Na tsaya da filtar a hannu. Direba ya riga ya shiga, yana ba da wuta. Maigida na can yana zazzaga wa wani yaro faɗa a kan sifana mai lamba 12 da ta ɓata. Taku biyar ne tsakanina da tagar direban. Na lissafa marin da zan sha, na lissafa dariyar da sauran yara za su yi mini, sai na jefa filtar cikin shara na rufe ta da tsumma. Motar ta yi lodi, ta wuce Wudil da kaɗan, mai ya tsiyaye, inji ya buga. Ba wanda ya ji ciwo, alhamdu lillahi, amma fasinjoji sun yini a rana, maigida ya biya rabin kuɗin inji, aka ɗora laifin a kan mai sayar da filta.

Shekaru sun shuɗe. Na samu aiki a wata ƙungiya mai motoci da yawa, Hilux da Land Cruiser irin masu ƙirar akwati, waɗanda ke ɗauke da injin dizal 1HZ. A nan aka tura mu wani kwas na mako biyu. Malamin wani dattijo ne da ya yi rayuwarsa yana kula da motocin daji a gabashin Afirka. Mun zauna muna jiran ya buɗe mana inji, sai ya haska hoton masaƙa a bango. Wani a bayana ya ce ƙasa-ƙasa, "To, yau kuma saƙa za mu koya." Ni ban yi dariya ba, domin kakana masaƙi ne, na tashi ina jin ƙarar ƙoshiya a zaurenmu, na kuma san abin da ke faruwa idan zaren tsaye ya tsinke masaƙi bai lura ba: layin aibi zai bi ƙyallen har inda ido ya farga.

Mutumin da sunansa ke kan motocin nan bai taɓa ƙera mota ba. Sakici Toyoda, wanda aka haifa a 1867, ɗan kafinta ne a wani ƙauye da mata ke saƙa da hannu, cikinsu har da mahaifiyarsa. Rayuwarsa duka a kan masaƙa ta ƙare. A 1924 shi da ɗansa Kiciro suka kammala wadda ake kira Type G. Tana sauya ƙoshiya ba tare da ta tsaya ba, wannan shi ne abin da ya burge 'yan kasuwa. Abin da malamin ya tsaya a kai daban ne. Kowane zaren tsaye yana ɗauke da wani siririn ƙarfe. Muddin zaren na nan lafiya, ƙarfen na rataye. Da zarar ya tsinke, ƙarfen zai faɗo, masaƙar ta tsaya cak. Saboda haka mutum ɗaya zai iya kula da masaƙu gommai, kuma ba za a saƙa ko kamu ɗaya na ƙyalle mai aibi ba. Suna kiran wannan tunani jidoka.

Ina zaune a ajin nan, mutum mai mata da 'ya'ya, sai filtar nan ta dawo mini a hannu. Ƙarfen da bai kai tsinken tsire ba ya iya abin da na kasa.

A 1929 wani kamfanin Ingila, Platt Brothers, ya sayi haƙƙin ƙera masaƙar a kan fam 100,000. Kiciro ne ya yi tafiyar, ya bi ta Amurka, ya ga yadda motoci suka cika tituna, ya dawo da wani ciwon a zuciya. A 1933 ya buɗe sashen mota a cikin masana'antar masaƙa. Na fi son wannan ɓangaren tarihin fiye da kowane, saboda ya yi kama da mu. Sun sayi Chevrolet suka warwatsa ta ƙusa-ƙusa, suka kwaikwayi injinta. Sun zuba gangar inji ɗaruruwa suna lalacewa kafin su samu mai kyau. Motar kaya ta farko da suka fitar a 1935, G1, ta riƙa mutuwa a hanya, ƙafar baya na karyewa, ma'aikata na bin masu ita da kayan gyara dare da rana, shi kansa Kiciro yana zuwa ya leƙa ƙarƙashin motar da ta lalace. A 1937 aka kafa kamfanin motar da kansa, da sunan Toyota a maimakon Toyoda. Wato wannan suna da muke rantsuwa da shi a tasha ya fara ne da motar da direbobin Japan ke tsinewa.

A 1950 kamfanin ya kai bakin rami. Kuɗi sun ƙare, bankuna suka ce sai an rage ma'aikata, aka yi yajin aiki na kusan wata biyu. A ƙarshe ma'aikata sama da 2,000 suka tafi, Kiciro ma ya ajiye muƙaminsa ya bi su. Bayan 'yan makonni yaƙin Koriya ya ɓarke, sojojin Amurka suka yi odar motocin kaya dubbai, kamfanin ya farfaɗo. Kiciro ya rasu a 1952 yana da shekara 57, bai ga Crown ba, bai ga Corolla ba. Masu ba da labarin Toyota suna son su nuna komai hikima ce. Ni dai na ga akwai rabo a ciki, kuma rabon ya zo ne ta hanyar masifar da ta faɗa wa wasu.

Talauci ne ya haifi tsarinsu. Eji Toyoda, ɗan'uwan Kiciro, ya je masana'antar Ford a 1950, ya tarar suna fitar da motoci dubbai a rana, alhali su abin da suke yi bai taka kara ya karya ba. Ba su da kuɗin tara kaya a sito, ba su da kuɗin gyara motar da aka haɗa ba daidai ba. Wani injiniya mai suna Taici Ono, wanda shi ma daga ɓangaren saƙa ya fito, ya ɗauko tunanin masaƙar ya kai shi layin haɗa mota. Aka rataya igiya a saman kowane ma'aikaci. Wanda ya ga abin da bai yi masa ba, ko da jiya aka ɗauke shi aiki, zai ja igiyar, fitila ta kama a allo, shugaban rukuni ya sheƙo a guje. Idan ba a warware matsalar ba kafin motar ta kai iyakar wurinsa, layin ya tsaya. Andon suke ce wa wannan. Ono ɗin nan ba mutum ne mai sauƙi ba, an san shi da zana da'ira da alli a ƙasa, ya ce wa injiniya ya tsaya a ciki ya yi ta kallon aiki har sai ya ga abin da ke tafiya ba daidai ba. Da maigidana ya san da wannan horo, da ya ƙara shi a kan nasa.

A ajin wani ya ce abin da dukanmu ke tunani: "Ai su Japanawa ne, haka Allah ya yi su." Malamin ya ba mu labarin wata masana'antar General Motors a garin Fremont na Kalifoniya. Ta yi ƙaurin suna wajen rashin zuwa aiki, shaye-shaye da fitar da motoci masu aibi, har aka rufe ta a 1982. A 1984 aka sake buɗe ta da haɗin gwiwar Toyota, aka maido da yawancin ma'aikatan nan dai da ake zagi, aka kai wasunsu Japan suka ga yadda ake yi, aka rataya musu igiya. Cikin ɗan lokaci motocinsu suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. Mutanen ba su sauya ba. Abin da ke samun mutum idan ya ce "a tsaya" ne ya sauya.

Na dawo daga kwas da zumuɗi, kamar yadda kowa ke dawowa, kuma zumuɗin ya kusa hucewa kafin aikin ya zo ya same ni. Muna da Land Cruiser guda uku a wani ofishinmu na karkara, kusan awa biyar daga gari. Cikin wata bakwai famfon dizal na biyu daga cikinsu ya lalace, na ɗaya har sau biyu. Duk wanda ya san 1HZ ya san wannan ba halinsa ba ne. Inji ne mai silinda 6, lita 4.2, ba turbo, ba kwamfuta, jaki ne kawai da aka yi da ƙarfe. A ofis an gama yanke hukunci: direbobi na sayar da mai suna cika tanki da gurɓatacce. An fara rubuta takardar sallama.

Ono yana da wata al'ada ta tambayar "me ya sa" har sau biyar kafin ya yarda an kai gindin matsala, kuma ba a yin tambayar daga kan kujera. Mu ma muna da ita a bakinmu, gani ya kori ji, aiki da ita ne ba mu cika yi ba. Na roƙi a ba ni kwana uku, na hau mota na tafi.

Famfon da muka buɗe akwai tsatsa a ciki, wato ruwa ya shiga. To amma motar tana da matattarar ruwa a ƙasan filtar dizal, da ɗan abin da ke kunna wuta a dashbod idan ruwa ya taru. Na leƙa, na ga an zare soket ɗinsa an naɗe da leda. Dukan motocin uku haka. Na zagaya bayan ofis inda ake ajiye mai, na tarar da durom-durom a tsaye a fili, damina ta sauka, ruwa ya kwanta a saman kowanne har ya rufe murfin. Durom idan ya sha rana iska na fita, idan dare ya yi ya huce sai ya zuƙo abin da ke bakin murfinsa. Ba wanda ya saci komai. Sama ce ke zuba musu ruwa a mai, cokali-cokali.

Saura tambaya ɗaya, ita ce mai wuya. Da daddare muna shan shayi na ce wa babban direban, wanda ya girme ni nesa, "Baba, don Allah wa ya cire wayar nan?"

Ya daɗe yana juya kofinsa. Ya ce, "Injiniya, ni na cire, ni na kuma koya wa yaran. Wutar nan kullum sai ta kama. Na rubuta sau biyu. Ka san abin da ake yi idan ka rubuta mota na da matsala? A ajiye ta sai bakanike ya zo daga gari, mako biyu, uku. Kai kuma ba tafiya, ba alawus. 'Ya'yana bakwai."

Ban sami abin ce masa ba, don na san taku biyar ɗin nan. Mun kwantar da durom-durom ɗin a kan katako ƙarƙashin rumfa, na nuna wa direbobi yadda ake murɗa ɗan famfon ƙasan filta a zubar da ruwan, aikin minti biyu. Wanda ya ɗauki wata huɗu ana jayayya shi ne sauya dokar alawus, ta yadda direban da ya kawo rahoton matsala ba zai yi asarar kwabo ba. Mai kula da kuɗi ya ce za su riƙa ƙirƙiro matsala don su huta. Wasu sun yi hakan kuwa, ba zan ɓoye ba. Amma har na bar wurin ba mu sake sayen famfo ba.

Yanzu garejin kaina nake da shi, kuma masu Toyota sun koya mini abin da kwas bai koya mini ba. Mutum ba ya sayen Corolla don yana ƙaunarta. Yana saye ne don ranar da kuɗin makaranta ya taso ko aka sa ranar auren 'ya, kafin la'asar dillali ya kawo mai saye. Asusu ce mai taya huɗu. Wannan daraja kuma ba daga Japan kaɗai ta zo ba. Shiga kasuwar Kofar Ruwa a Kano ka nemi kowane ƙarfe na Corolla ko Camry, za a kawo maka kala uku: sabo, na Beljiyam, da wanda mai shago zai rantse maka alhali kai da shi kun san gaskiya. Ka mutu a kowane ƙauye tsakanin Kano da Damagaram, za a samu yaron da ya taɓa kwance irinta. Mota irin Corolla, da aka sayar da fiye da miliyan 50 tun 1966, ba za ta rasa dangi ba. Fijo ta taɓa riƙe wannan matsayi a ƙasar nan, saboda haka ba gadon gidan kowa ba ne.

Mun ma raɗa musu sunaye kamar 'ya'yan gida. Camry kaɗai tana da Pencil, da Big Daddy, da Muscle. Hiace mai faɗin goshi ta zama Homa. Hilux kuwa sunanta ya wuce kasuwa. A 1987 sojojin Cadi a kan Hilux da Land Cruiser, ɗauke da makaman harbo tanka da Faransa ta ba su, suka tarwatsa rundunar tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum, har aka sa wa yaƙin sunan Toyota. Ba na jin waɗanda suka zana motar a 1968 don manomi da ɗan kasuwa sun yi mafarkin haka, kuma mu da muka ga abin da ake yi da ita a dazukanmu ba ma faɗin wannan da alfahari.

Cikin masu zuwa wurina akwai wata malamar makaranta mai Corolla ƙirar 2005. Tana da ɗan littafi a aljihun mota, duk abin da aka yi wa motar da kwanan wata da lambar kilomita yana ciki. Ranar farko ta ce mini, "Malam, kafin ka zuba, nuna mini galan ɗin." Ta karanta lambar man, ta duba littafin da ya zo da motar, ta ce ba shi ba ne. Raina ya ɓaci, amma ita ke da gaskiya. Injinan zamanin nan ramukan mainsu ƙanana ne, an yi su ne don mai marar kauri, mu kuma mun saba da na zamanin Fijo. Motarta har yau ba a taɓa buɗe injinta ba. Akwai kuma wani Alhaji mai irin motar sak, shekara ɗaya, wanda sai ya ji ƙara yake tuna akwai gareji a duniya. Inji na biyu yake kai yanzu. Idan ka tambaye su, dukansu za su ce maka Toyota ba ta mutuwa. Ita tana nufin ta kula da ita ta rayu. Shi yana nufin duk abin da ya yi mata za ta yafe.

Game da tamostat kuwa, ga abin da ya kamata a ce na sani tun ina yaro. An ƙera inji ne ya yi aiki a zafi na kusan digiri 80 zuwa 90. Tamostat ke tsare ruwa har inji ya kai nan da sauri, sannan ya buɗe masa hanyar lagireto. Ka cire shi, inji zai daɗe yana aiki a sanyaye, ya sha mai, ringi da silinda su riƙa cin juna, musamman da sanyin hunturu. A injina da yawa kuma shi ne ke toshe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji, saboda haka in babu shi wani ruwan ba ya ma zuwa lagireto. Abin da ya sa motar zafi tun farko, ko toshewar lagireto ne, ko murfi, ko famfon ruwa, yana nan inda yake. Mun dai cire mai faɗa mana ne.

Kada a ɗauka ina yi wa kamfanin kirari. Sun sha faɗuwa, wani lokacin faɗuwar kunya. Crown ɗin da suka kai Amurka a 1958 ta kasa jure gudun manyan titunansu, tana zafi tana karkarwa, guda 287 kawai suka sayar a shekarar, ba da daɗewa ba suka janye ta. Wannan kuskuren yaro ne, an gyara. Wanda ya fi muni ya zo ne bayan sun girma. A 2008 suka wuce General Motors suka zama na ɗaya a duniya. A watan Agustan 2009 mutum huɗu 'yan gida ɗaya suka mutu a cikin Lexus kusa da San Diyego, bayan tabarmar ƙasa ta danne totur. Aka janye motoci miliyoyi saboda tabarma da kuma totur mai maƙalewa. A Fabrairun 2010 Akio Toyoda, jikan Kiciro, ya zauna gaban majalisar Amurka ya amsa cewa girman da suka yi ya yi sauri fiye da kima. A 2014 kamfanin ya biya tarar dala biliyan 1.2, ya kuma amsa cewa ya ɓoye wa jama'a abin da ya sani. A ƙarshen 2023 Daihatsu, wanda mallakinsu ne, ya dakatar da fitar da motoci bayan an gano an shafe shekaru ana maguɗi a gwajin lafiyar mota, masu bincike kuma suka ce matsin wa'adi ne da tsoron faɗa wa na sama cewa abu bai yiwu ba. Da na karanta wannan na ce ashe har a gidan masu igiya akwai yaron da ke tsaye da filta a hannu.

A garejina na kafa doka: kowane yaro, ko jiya ya zo, yana iya cewa a tsaya, kuma ba mai taɓa shi. Faɗin ta ya fi yin ta sauƙi. Kwanaki muna gama aikin birki a wata Sienna, mai ita na tsaye da makulli a hannu, sai ƙaramin cikinsu ya ce, "Oga, a tsaya. Kamar ban ji an ɗaure notin ƙafar baya ba." Wallahi sai da na ji zafi ya taso mini har wuya, don ni na ɗaure shi da hannuna. Aka sake ɗaga mota, aka cire taya, aka duba. A ɗaure yake tam. Mun ɓata rabin awa, mai mota na ta tsaki, manyan yara na danne dariya. Na ga yaron ya sunkuyar da kai, na san idan na bar shi haka ba zai sake buɗe baki ba har ya bar wurina. Sai na ciro kuɗin abinci na ba shi a gaban kowa, na ce gobe ma in ya ji haka ya faɗa. Ban ji daɗin yin hakan ba ko kaɗan a lokacin.

Bara da sallah na je gaida tsohon maigidana. Ya daina aiki, idonsa ya yi rauni, yana zaune a ƙofar gida a kan buzu. Bayan mun gaisa na ce, "Baba, akwai abin da na daɗe ina so in faɗa maka. Hiace ɗin nan da ta buga a hanyar Wudil."

"Roba biyu," in ji shi, ko ɗagowa bai yi ba. "Ni na janyo motar, ni na kwance filtar. Ka ɗauka makaho ne ni a lokacin?"

Na ce to me ya sa bai taɓa yi mini maganar ba. Ya ce da ya faɗa, 'yan tasha ba za su bar ni ba, kuma mahaifina ba shi da kuɗin inji. Na ce da na yi magana tun motar ba ta tashi ba fa? Ya yi dariya har da tari. "Da ka sha mari, mana. Ɗaya dai. Wataƙila biyu."

Muka yi shiru, aka kawo mana fura. Can ya tambaye ni ko gaskiya ne abin da ya ji, wai ina sayen tamostat sabo ina mayar wa motocin mutane. Na ce gaskiya ne, Baba. Ya girgiza kai, ya ce boko ya ɓata ni, ya miƙo mini ludayi.